Ƙwaron da Ke Noma a Cikin Bishiya da Cutar da Yake Ɗauke da Ita

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, ma'aikacin gandun daji, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a Sabon Tasha, Kaduna)



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar a ba ni 'yan mintoci in yi magana a gaban waɗanda suka koya mini riƙon alƙalami. Tsayawa a gaban malamai ba ƙaramin abu ba ne, ko da mutum ya fara furfura, saboda haka idan harshe ya yi tuntuɓe sai a yi mini afuwa.

Gabatarwa

Kamar yadda kowa ya ji a rahoton sakatare, ƙungiyarmu ta yanke shawarar dasa itatuwa a harabar makaranta a damina mai zuwa, kuma 'yan'uwa sun riga sun fara ba da gudummawa. Wannan aiki ne na alheri. To amma kuɗin da za a kashe gumin mutane ne, bishiyar da za a dasa kuwa sai ta yi shekara goma ko ashirin kafin ta ba da inuwar kirki. Haka kuma akwai tsofaffin mangwaro da madaci da dalbejiya da muka tarar, muka kuma bari, waɗanda ko nawa muka tara ba za mu iya sayen irinsu a kasuwa ba. Wannan ne ya sa na zaɓi in yi magana a kan wani maƙiyin bishiya da mutane da yawa ba su san da shi ba, wato ƙananan ƙwarin da ke huda itace, da funfunar da suke ɗauke da ita. Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ƙwaron da zan yi magana a kansa bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma ya rage wa manyan biranen duniya inuwa.

Ƙwari iri biyu

Malamanmu na kimiyyar halittu sun koya mana cewa funfuna halitta ce mai rai, dangin naman kaza, irin wadda ke fitowa a kan burodi ko tuwon da ya kwana biyu. Ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike, kuma ɓawon bishiya mai lafiya ganuwa ne a gare ta. Kafin ta shiga jikin bishiya sai ta sami rauni, ko kuma ta sami wanda zai goya ta ya shigar da ita. A nan ne ƙwaro ya shigo cikin magana.

Iri na farko su ne ƙwarin ɓawo. Waɗannan suna haƙa hanyoyi tsakanin ɓawo da itace, su yi ƙwai a nan, tsutsotsinsu su ci abin da ke wurin. Idan bishiyar tana da cuta, ƙwayoyin funfuna masu danƙo sai su manne a jikin 'ya'yan ƙwarin, in sun yi fiffike sun tashi sai su kai ta wata bishiyar. Wato su 'yan dako ne kawai.

Iri na biyu su ne suka fi ban mamaki, ana kiran su ƙwarin ambrosiya, kuma an san fiye da iri 3,000 nasu a duniya. Waɗannan ba sa cin itace ko kaɗan. Macen takan huda bishiya ta shige can ciki, tana turo garin itacen waje. A jikinta, kusa da baki ko a ƙirji, akwai wata 'yar jaka da take ajiye irin funfuna, tamkar yadda manomi ke ajiye iri a rumbu. Sai ta shuka wannan iri a bangon ramin da ta haƙa, funfuna ta tsiro, ita da 'ya'yanta su riƙa ci. A taƙaice, manomiya ce, gonarta kuwa cikin bishiyarka. Tun a 1836 wani masani mai suna Schmidberger ya lura da farin abin da ke bangon ramukan ya sa masa suna ambrosiya, a 1844 kuma Theodor Hartig na Jamus ya gano cewa funfuna ce.

Akwai wani abu game da wasu daga cikinsu da ya kamata mu riƙe. 'Ya'yan sukan yi barbara a junansu tun suna cikin rami, saboda haka macen da ta fito ta riga ta ɗauki ciki, ga kuma irinta a jaka. Ma'ana, mace guda ɗaya tak da ta ɓuya a cikin guntun katako ta isa ta kafa zuriya a ƙasar da ba a taɓa ganin irinta ba.

Yadda bishiya ke mutuwa

Bishiya tana jan ruwa daga saiwa zuwa ganye ta wasu siraran bututu da ke cikin itacenta, kamar yadda famfo ke kai ruwa gidaje. Idan funfuna mai cuta ta shiga waɗannan bututu, sai ta yi ta yaɗuwa a ciki. Bishiyar kuma, a ƙoƙarin tare ta, sai ta riƙa toshe bututunta da ƙaro da wasu ƙulle-ƙulle. In toshewar ta yi yawa, ruwa ya daina hawa, sai ka ga ganye ya yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take. Bishiya ta mutu da ƙishirwa ke nan tana tsaye a cikin ruwa.

A nan ya kamata in yi adalci ga waɗannan ƙwari. Mafi yawansu a dazukansu na asali matattun itatuwa da masu shirin mutuwa suke bi, suna taimakawa wajen ruɓar da su. Bincike ya nuna cewa bishiyar da ta galabaita, ko saboda fari, ko ambaliya, ko rauni, takan fitar da wani ƙamshi irin na giya, wanda ƙwarin ke shinshinowa daga nesa. Matsala takan taso ne ta hanya biyu: ko dai mu galabaitar da bishiya da hannunmu, ko kuwa a kai ƙwaro da funfunarsa wata ƙasa inda itatuwan ba su saba da su ba, ba su kuma da kariya daga gare su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Misalin da ya fi shahara shi ne na itacen elam, wanda a Turai da Amurka yake kamar yadda dalbejiya take a titunanmu. Wajen 1910 aka fara ganin suna bushewa a arewa maso yammacin Turai. Wata matashiyar masaniya 'yar ƙasar Holan, Bea Schwarz, ita ta gano funfunar a farkon shekarun 1920, wata kuma, Christine Buisman, ta tabbatar da binciken. Gumagumai da aka yi safara a jirgin ruwa su suka kai cutar Amurka, inda aka gan ta a jihar Ohayo a 1930. A ƙarshen shekarun 1960 wani nau'in da ya fi muni ya shiga Ingila a cikin gumagumai daga Kanada, ya kashe elam fiye da miliyan 25 a Birtaniya. Ƙwarin ɓawo ne suka yi dakon wannan cuta daga bishiya zuwa bishiya.

A 2002 an kama wani ƙwaron ambrosiya ɗan asalin Asiya kusa da tashar jiragen ruwa ta Sabana a jihar Jojiya ta Amurka, kuma ana kyautata zaton a cikin katakon ɗaure kaya ya zo. Funfunarsa ta kashe miliyoyin itatuwan daji, a 2012 kuma ta shiga gonakin fiya na jihar Fulorida.

Wanda ya fi kusa da zuciyarmu shi ne na mangwaro. A Barazil an san wata cutar bushewar mangwaro tun wajen 1940. A 1998 irin wannan cuta ta ɓulla a yankin Batina na ƙasar Oman, ta kashe mangwaro fiye da 200,000, ta kuma yi ɓarna mai yawa a lardunan Sindh da Punjab na Pakistan. Funfunar ana kiran ta Seratosistis, mai dakon ta kuwa wani ɗan ƙaramin ƙwaron ɓawo ne da ke bin mangwaro. Bishiya takan fara zubar da ƙaro a gindi, reshe ɗaya ya bushe, cikin 'yan watanni duka ta tafi, busassun ganyen na manne a jikinta.

A nahiyarmu ma abin ya iso. A 2017 wata masaniya ta Jami'ar Pretoria, Dakta Trudy Paap, ta gano wani ƙwaron ambrosiya ɗan kudu maso gabashin Asiya a lambun gwamnati na Pietermaritzburg a Afirka ta Kudu. Tsawonsa kimanin milimita 2 ne, funfunarsa kuma daga dangin Fusariyam take. Cikin 'yan shekaru aka same shi a larduna 8 daga cikin 9 na ƙasar, yana huda itatuwa fiye da iri 100, har da na titunan Johannesburg da Cape Town. Wani nazari da aka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa asarar za ta iya kai rand biliyan 275 cikin shekaru goma. Ƙwaron ya ɓulla a birnin Perth na Ostareliya a 2021, kuma bayan an sare dubban itatuwa, a 2025 hukumomi suka amince cewa kawar da shi gaba ɗaya ba zai yiwu ba. Daga cikin abin da yake hayayyafa a ciki akwai fiya da zurma, waɗanda duk muna da su a ƙasar nan. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Mu fa a nan gida?

Kada wani ya ɗauka waɗannan ƙwari baƙi ne a Afirka ta Yamma. Muna da namu na gida masu yawa. Saboda ɓarnar da suke yi wa katakon da ake fitarwa waje, a shekarun 1950 Turawan mulkin mallaka suka kafa wani sashen bincike na musamman a Kumasi ta ƙasar Gana, domin nazarin ƙwarin da ke huda katako a yankin baki ɗaya. A can aka gano wani ƙwaron ambrosiya da ke shiga rayayyen itacen obece, wanda Yarbawa ke kira arere, mutanen Gana kuma ke kira wawa, amma ba irin wawan da muka sani ba. Duk kafintan da ke sayen katako a Panteka ya san farin katako mai ƙananan huji da baƙin zobe a kewaye. Wannan baƙin, sawun gonar funfuna ne.

A nan akwai bambancin da yake da amfani a sani. Ƙwaron ambrosiya ɗanyen itace yake bukata, da zarar katako ya bushe funfunar ta mutu, shi ma zamansa ya ƙare. Garin da kuke gani yana zubowa daga rufin ɗaki ko ƙafar kujera aikin wani ƙwaron ne dabam, mai cin busasshen katako, kuma shi ba ya kashe bishiya.

Manoman yazawa a Nijeriya da Binin sun san wani baƙin ƙwaro mai girman ɗan yatsa da ake kira Afate, wanda ke huda gangar jikin bishiya, da wani mai dogayen ƙahoni da ke yanke reshe ta hanyar zagaye shi. Raunin da suke bari ƙofa ce ga funfuna iri-iri masu busar da reshe. Ita ma Seratosistis an same ta tana kashe itacen turare a gandayen ƙasar Kongo Barazabil da Uganda. Wannan ya shafe mu, domin gandun dajin Afaka da ke nan Kaduna, wanda aka keɓe tun 1954, an dasa turare da yawa a cikinsa, haka ma gonaki da dama a kewayen gari.

Sai kuma darasin dalbejiya. An kawo ta Borno a 1928, ta kuma karɓi ƙasar nan har muka ɗauke ta tamu. Da ita aka yi shingayen tare iska a kwarin Majiya na Jamhuriyar Nijar daga 1975, da ita aka cika titunan Maiduguri, Kano, Katsina da Sakkwato. A ƙarshen 1990 sai aka fara ganin dalbejiya na zubar da ganye tana ƙanjamewa a Nijar, daga baya har arewacin Nijeriya. Masanan da suka bincika sun fi ɗora laifin a kan fari na shekaru da taurin ƙasa, ba a kan ƙwaro ba. Amma tsoron da ya kama hukumomi a lokacin yana da dalili: an dogara da bishiya iri ɗaya, da ta tafi da garuruwa da yawa sun zama fili fetal. Abin da ya sami biranen Amurka masu elam ke nan.

Ƙofofin da ke buɗe a Sabon Tasha

Ƙwaron nan da fiffikensa ba ya nisa sosai. Mota da jirgi su ke kai shi inda bai taɓa mafarkin zuwa ba. Bari mu dubi unguwarmu.

Ƙofa ta farko ita ce itacen girki. Kowa na ganin motocin itace da ke shigowa ta hanyar Kachia, daga wajen Kujama da Kajuru, ana saukewa a bakin titi da gidajen burodi da makarantun kwana. Sau da yawa bishiyar da ta fara bushewa ita ake fara sarewa, a faskara, a kawo gari tana ɗanya da ɓawonta. Idan akwai ƙwari a ciki, sai su fito su nemi bishiya mafi kusa. Gawayi ba ya ɗauke da wannan haɗari tunda wuta ta riga ta cinye komai, ko da yake shi ma yana da tasa ɓarnar ga daji.

Ƙofa ta biyu ita ce katakon ɗaure kaya daga ƙasashen waje. Tun watan Janairun 2018, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a Kakuri, maƙwabtanmu ne ke karɓar kwantenoni daga ƙetare. Akwai ƙa'idar duniya da aka amince da ita a 2002, wadda ta ce duk katakon da za a ɗora kaya a kai a tsallaka iyaka sai an gasa shi har zafin cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko a yi masa hayaƙin magani, sannan a buga masa hatimi mai hoton zangarniyar alkama. A Nijeriya hukumar killace kayan gona, wato NAQS, ita ke da alhakin duba wannan. 'Yan'uwanmu da ke harkar fiton kaya, ku riƙa duba wannan hatimi.

Ƙofa ta uku ita ce dashe. Ana kawo mangwaro mai aure da fiya da lemo daga nesa, wani lokaci ma a cikin jakar matafiyi daga wata ƙasa, ba tare da kowa ya duba ba.

Ƙofa ta huɗu kuwa hannunmu ne. Muna kafa ƙusa a jikin bishiya mu rataya allon talla. Muna sassaƙe madaci domin magani har mu zagaye shi. Muna tara shara a gindin mangwaro mu cinna wuta. Muna zuba siminti har wuyan bishiya, ko mu datse saiwoyinta wajen haƙa kwata. Mai sara kuma ya sare bishiya mai cuta, ya wuce da addar nan zuwa mai lafiya. A ƙasashen Latin Amurka akwai wata cutar koko, ita ma Seratosistis ce, wadda manoma suka sa wa suna cutar adda, saboda ta bakin adda take yawo daga bishiya zuwa bishiya.

Alamomin da za a duba

Ba duk mangwaron da ya bushe ne wannan cuta ta kashe ba. Akwai gara, akwai kauci, akwai ƙishirwa, akwai tsufa. Amma ga abubuwan da in an gan su tare ya kamata a tsaya a duba da kyau:

1. Ƙananan huji a jikin ɓawo, kamar an soka bakin biro, sau da yawa masu yawa a wuri ɗaya.

2. Garin itace mai laushi a gindin bishiya ko a tsagar ɓawo, wani lokaci yana fitowa a dunƙule kamar tsinken sakace.

3. Ƙaro ko wani ruwa mai duhu yana tsiyaya daga gangar jiki, ko jiƙaƙƙen tabo a kewayen huji.

4. Reshe ɗaya ko gefe ɗaya ya yi yaushi farat ɗaya, ganye ya bushe bai zuba ba, sauran bishiyar kuma kore shar.

5. Idan aka ɗan kankare ɓawon reshen da ya bushe, a ga zane-zane baƙi ko ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi suna bin tsawon itacen.

Wanda ya ga haka ya ɗauki hoto da wayarsa, ya sanar da malamin gona ko ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukumar Chikun ko na jiha. Muna kuma da sa'a a Kaduna, ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Afaka, ga tashar binciken dazukan savana a Samaru, duka a ƙarƙashin Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ƙasa da ke Ibadan, ga kuma sashen kare amfanin gona na Jami'ar Ahmadu Bello. Tabbatar da irin funfunar aikin ɗakin gwaji ne, ido kaɗai ba ya yanke hukunci.

Me za a yi wa bishiyar da ta kamu?

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, wane magani za a fesa? Gaskiyar magana, feshi ba ya kai wa ga ƙwaron da ke can cikin itace, funfunar da ta shiga bututun ruwa kuma ba ta fita da wanki. Allurar da ake yi wa itatuwa a ƙasashen da suka ci gaba tana da tsada, kuma sai an yi ta maimaitawa. Fesa maganin ƙwari barkatai a harabar makaranta kuwa haɗari ne ga yara da ƙudan zuma.

Idan reshe ɗaya ne ya kamu, a yanke shi ƙasa da inda baƙin zanen ya tsaya, a shafa wa wurin maganin funfuna, a ƙone reshen nan take. Idan bishiyar ta tafi, a sare ta a ƙone a wurin, har da kututture. In ba za a ƙone ba, a faskara ƙanana a lulluɓe da leda mai kauri a rana, a danne gefen da ƙasa, a bar shi watanni. Abin da ba a so shi ne a loda a mota a kai wata unguwa, ko a jingine itacen a gindin wata bishiya. Bayan kowace bishiya a wanke adda da zarto da ruwan bilic ko sifirit.

Shawarwari ga ƙungiya

Mai girma Shugaba, da izininka zan miƙa wa kwamitin dashe waɗannan shawarwari guda shida.

Na ɗaya, kafin a sayi ko dashe ɗaya, a zagaya a ƙirga itatuwan da ke harabar makaranta, a ba kowace lamba, a rubuta irinta da halin da take ciki a littafi. Ni da duk wanda ke da sha'awa za mu iya yin wannan a Asabar guda.

Na biyu, kada mu dasa iri ɗaya. Na ji wasu na cewa a cika ko'ina da mangwaro saboda yara su sha, wasu kuma na son malaina saboda saurin girma. A gauraya. A sa mangwaro da gwaiba da yazawa, a sa madaci da tsamiya da ɗorawa da kaɗanya da marke, waɗanda ƙasar nan ta san su suka san ta. Ko layin bakin hanya ma kada ya zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe.

Na uku, a sayi dashe daga gandun renon da aka sani a nan kusa, a duba kowane ɗaya, a ƙi mai huji ko mai zubar da ƙaro.

Na huɗu, a ware wani kaso na kuɗin domin ban ruwa a rani biyu na farko da kuma shinge saboda awaki. Dashe ɗari da aka kula da su sun fi dubu da aka yi hoto da su aka watse.

Na biyar, mu roƙi hukumar makaranta ta hana kafa ƙusa, sassaƙe da ƙona shara a gindin itatuwa, a kuma riƙa ajiye itacen girki nesa da su, a fi son busasshe wanda aka ɓare.

Na shida, a damƙa littafin itatuwan a hannun malamin kimiyyar halittu ko na aikin gona, ɗalibai su riƙa zagayawa sau ɗaya a kowane zango suna rubuta abin da suka gani. Yaron da ya koyi duba ɓawon bishiya a makaranta zai duba na gidansu da na gonar mahaifinsa.

Kammalawa

Iyayena malamai da 'yan'uwana, ƙasashen da na ambata sun fi mu kuɗi da kayan aiki, amma da ƙwaron ya riga ya zauna, kuɗin bai fitar da shi ba. Inda aka yi nasarar rage ɓarna, an yi ne saboda wani ya lura da wuri, ya kuma faɗa wa wanda ya dace. Wannan kuwa ba ya bukatar digiri, ido yake bukata da kulawa. Rigakafi ya fi magani.

Waɗanda suka dasa itatuwan da muka yi karatu a ƙarƙashinsu, yawancinsu ba su san sunayenmu ba. Hakkinsu a kanmu shi ne mu tsare abin da suka bari, mu kuma dasa namu da ilimi, domin ƙannenmu da 'ya'yanmu su sami inuwa. Ina roƙon kwamiti ya sa ranar ƙirgar itatuwa kafin mu tashi daga wannan taro.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ɗaukaka wannan makaranta da ƙungiyarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.